Tambaya: wace lufa ce ta dace da mai jita da ke wasa tare da makaɗin kalangu?

Mai_Jita_KD:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu sanin kayan sauti ina neman shawara. Ni jita nake kaɗawa ina waƙa, yawanci ƙananan wurare ne, dina, wajen cin abinci, wani lokacin kamu ko liyafar biki in an kira ni. To yanzu ɗaukar cikakken ban ba ƙaramin abu ba ne, mai fiyano da mai bes da mai ganga kowa da kuɗinsa ga kuɗin mota, kana gama sallamar mutane ka duba aljihu ka ga ko na tsirkiyar jita bai rage ba. Shi ne nake tunanin sayen lufa, wannan na'urar da kake takawa ta naɗi abin da ka kaɗa ta riƙa maimaita shi kai kuma kana ɗora wani a kai.

Wani abokina ya ara min tashi, Ditto ƙarama ta TC Electronic mai abin takawa ɗaya. A ɗaki wlh abin daɗi, in buga jikin jita ya zama ganga, in ɗora bes, in ɗora kiɗan, sai ka rantse mu uku ne. Amma a wajen wasa labari ya sha bamban. Akwai yaron da ke min kalangu, muna farawa daidai amma kafin a yi nisa sai ka ji shi yana gabas na'ura tana yamma, shi yana cewa injin ne ke ja baya ni kuma ina ganin shi ke gudu. Sannan babu inda zan sa makirufo, ni kuma amshi nake so in naɗa. Ga kuma tsayawa, in zan katse kiɗa in yi wa amarya kirari sai na taka sau biyu, kafin ta tsaya har wurin ya wuce. To wacce zan saya da za ta raba ni da duk wannan? Ko a waya ma za a iya? Nagode.

Injiniya_Miksa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bari in fara da maganar kalangun don ita ce ba kuɗi ke maganinta ba, ko babbar lufar Boss RC-600 ka sayo in ba ka gane ta ba haka za ku yi ta rigima da yaronka.

Lufa ba ta jin kowa. Tsawon da ƙafarka ta yanka mata a zagayen farko shi za ta yi ta maimaitawa har a tashi, ba ƙari ba ragi. Yi lissafi ka gani: kiɗa mai gudun bugu 120 a minti, kowane bugu rabin sakan ne, in ka naɗi bugu 16 zagayen ya kamata ya zama sakan 8 cif. To a ce ƙafarka ta makara da kashi ɗaya cikin ashirin na sakan, abin da kunne ba zai ma kama ba a karon farko. Shi makaɗi yana tafiya da kiɗan da ke kansa, ita kuma kowane zagaye tana ƙara wannan ɗan jinkirin, zagaye 10 ya zama rabin sakan, bugu guda cur kenan, ko minti ɗaya da rabi ba ku yi ba kun rabu. Ka ga kenan yana iya yiwuwa ku duka biyun kuna da gaskiya.

Inda mutane ke samun matsala a takawar shi ne suna rufe zagaye a kan bugun ƙarshe. A'a. A kan bugun FARKO na dawowa ake takawa. Ka fara kaɗa abin tukuna ba tare da naɗi ba, ka yi shi sau biyu ko uku ƙafarka tana buga ƙasa har jikinka ya ɗauka, sai ka bar ƙafar ta sauka a kan feda a bugun farko, in ka zagayo ta sake sauka a bugun farko, kuma hannunka kar ya tsaya, ka ci gaba da kaɗawa kamar ba abin da ya faru. Wanda ya tsayar da hannu sannan ya taka shi ne za ka ji ɗan rami a mahaɗar, kowane zagaye kiɗa na yin ɗingishi.

Sai abu na biyu, ko zagayen ya fita tsaf dole makaɗi ya riƙa JIN na'urar fiye da yadda yake jin kansa, kalangu kuma a hammatarsa yake, kusa da kunnensa, ga shi da kaifi. In sifikun suna gaba sun juya wa makaɗa baya to ba abin da yake ji sai amsa-kuwwar da ke dawowa daga bangon hol, ita kuma a makare take zuwa. Ka aje masa monita, wato sifikar da ke fuskantar makaɗa, a gefensa ko ka ba shi iyafis daga miksa, a sa masa lufa kaɗai da ƙarfi. Kuma abin da za ka fara naɗa ya zama mai bugu a fili, kar ka fara da kiɗa mai ja da laushi ka ce ya bi.

Na'ura kuma, tunda murya kake so, nemi mai ramin makirufo irin na XLR. Boss RC-30 tana da shi, layi biyu gare ta, tana ɗaukar naɗin awa 3 da ma'aji 99, tsohuwa ce amma ana samun ta hannu. Wadda ta biyo bayanta RC-500 ce, ita ma layi biyu da ramin makirufo, ga abin takawa uku, ga MIDI, wato hanyar da kayan kiɗa ke aika wa juna umarni. RC-300 layi uku, RC-600 layi shida, amma ni a ganina wanda bai saba ba layi shida ruɗa shi kawai za su yi a gaban mutane. Amfanin layi biyu a wajenka babba ne: ganga da bes a ɗaya, jita da amshi a ɗaya, in ka zo baiti ka kashe na biyun ka bar gangar tana tafiya, in ka zo amshi ka dawo da shi. Da Ditto mai layi ɗaya komai a dunƙule yake, abin da ka ɗora na ƙarshe kaɗai za ka iya cirewa.

Baban_Ummi:

Ni fa ban ga bambancin wannan da abin da yaran nan ke yi ba, su ba DJ filashi ya saki waƙa su riƙe makirufo suna motsa baki. Inji ne dai ke kiɗa. Ɗan Maraya Jos shi kaɗai da kuntiginsa ya cika fage shekara da shekaru babu lantarki babu feda. In ka iya ka iya kawai. Kuma ka tuna makaɗan nan da kake son ragewa su ma da iyali.

Zabiya_Zamani:

Baba da girmanka amma ba ɗaya ba ne ko kusa. Mai filashi a situdiyo aka yi masa komai, shi wannan a gaban idonka yake gina kiɗan daga shiru, in ya yi kuskure kuma kuskuren zai yi ta dawowa duk zagaye kowa na ji har sai ya goge. Ko mawaƙin Ingila Ed Sheeran sai da aka yi masa wannan zargin bayan wasansa a bikin waƙa na Glastonbury na 2017, mutane suka ce kiɗan da aka naɗa tun a gida ne, ya fito ya ce komai a wurin yake yi da lufa. Mutumin da ya cika filin Wembley dare uku a 2015 daga shi sai jita sai abin takawa. Kuma abin ba na jiya ba ne, tun 1963 Terry Riley yake yi da rikoda biyu na tef, ɗaya tana naɗa ɗaya tana sakowa, daga baya Brian Eno da Robert Fripp suka ɗauka da rikodar Revox guda biyu. Maganar iyalin makaɗa kuwa na yarda da kai, amma ai shi bai ce zai kori mai kalangu ba, tare suke so su yi.

Ƙanena Mai_Jita, ni murya zalla nake yi ba na kaɗa komai, RC-505 gare ni, ta kan tebur ce da hannu ake danna ta, layi biyar, ita ce masu kiɗan baki suke gasa da ita. Kai kar ka saye ta, hannayenka biyu suna kan jita, ta ƙasa ce taka.

Abin da nake so in ja maka kunne a kai shi ne makirufo, don nan ne wahalar take. Jita ta kebul take shiga, tsaf. Makirufo kuwa ba ya zaɓe, duk abin da ke wurin yana kwasa. Kana ɗora amshi monita na gabanka tana sakin zagayen, makirufo ya sake kwashe shi ya mayar ciki, ka ɗora na biyu ya sake kwashewa, kafin ka kai na huɗu sautin ya zama kunu, daga nan sai ƙiiii. Kuma ba monita kaɗai ba, kalangun da ke gefenka zai shiga, guɗar da wata gwaggo ta rangaɗa za ta shiga, MC ya ce a gyara fakin ya shiga, sai ku yi ta jin a gyara fakin duk sakan takwas har waƙa ta ƙare. Shi ya sa nake amfani da makirufo irin SM58 na Shure wanda ya fi jin abin da ke gabansa, bakina dab da shi har leɓe na taɓawa, in rage ƙarfin shigarsa, monita kuma ta kasance daidai bayan makirufon don nan ne kurman gefensa. In da hali ma iyafis ya fi. Kuma ina rufe ɗori, wato naɗin da ake yi a kan zagayen farko, nan take da na gama jimlar, ba na barin shi a buɗe ina jiran zagaye ya cika.

Amshi kuma kar ka yi ta jibga murya ɗaya a kan ɗaya, ƙara kawai za ta yi ba kauri ba. Ɗaya a muryarka ta kullum, ɗaya sama da ita, ɗaya ƙasa can a ƙirji, uku sun isa, sai ka ji kamar ƴan amshi ne a tsaye bayanka. Ka bar musu gurbi kuma, wato ka naɗi amshin a rabin zagaye na biyu ka bar rabin farko fayau don nan za ka riƙa jefa baitinka.

Mai_Jita_KD:

Kai nagode sosai, Allah ya saka da alheri. Oga Injiniya wannan lissafin ya zauna min, gobe in sha Allahu zan nuna wa yaron don har yanzu fushi yake. Anti Zabiya maganar MC ta ba ni dariya wlh. Baba kuma Allah ya ja kwana, ba korar kowa zan yi ba, wurin da za su iya biyan mutum biyar ai da mutum biyar zan je.

To saura maganar waya ba wanda ya taɓa, sannan in rawa ta yi zafi ana liƙi ai dole kiɗa ya ƙara gudu, ya ake yi da wannan?

Dan_Damagaram:

Salam, ina gaida mutanen Kaduna. Mu nan ƙwarya muke haɗawa da jita, a kife ta a kan bargo ko katifa, dunƙulen hannu a tsakiya ya ba ka ƙasa, yatsu ko zobe a gefe su ba ka sama. Tana shiga lufa da kyau ƙwarai don bugunta gajere ne ba ya ja, makirufo a cusa shi ƙarƙashinta shikenan.

Amma kalangu ni ban ba ka shawarar naɗarsa ba sam. Kalangu magana yake yi, matse shi da sakinsa shi ne daɗinsa, yanzu ya yi wa wannan take anjima ya amsa wa mawaƙi, in ka kulle jimla ɗaya tana dawowa sau hamsin ka kashe shi. Abin da ba ya canzawa shi ake ba inji, ƙwarya ko kuntuku ko bes, shi kuma mai kalangu a sake shi ya yi yawo a kai.

Maganar ƙara gudu kuwa gaskiya ɗaya ce, nan ne mutum ya fi inji. Manyan Boss suna barinka ka canza tempo bayan ka naɗa amma in ka ja da yawa sautin yana lalacewa, jita ta koma wani iri kamar a cikin ruwa. Yadda muke yi, in an zo wurin sai a kashe lufa gaba ɗaya a kan bugu, makaɗi ya karɓa shi kaɗai ya ja gudun zuwa inda masu rawa ke so, ni ina binsa da jita, in ya zauna sai in goge tsohon in naɗi sabo gajere a sabon gudun. Mutane ma ɗauka suke salo ne. Kuma kashewar nan tana tada wuri fiye da duk abin da za ka ɗora, kiɗa ya cika ya cika sai ɗif, muryarka kaɗai da kirari, sannan komai ya dawo tare.

Wani abu, gangunan da ke cikin na'urar ka yi hankali da su. Yawancinsu na bugu huɗu ne irin na Turai, namu kuma da yawa a kan shida suke tafiya. In ka bar ta a huɗu kana kaɗa shida kuma saitin da ke daidaita tsawon zagaye da bugun gangar na kunne, za ta yanke maka zagayen inda ita take ganin daidai ne. Ko ka shiga saiti ka mayar 6/8, wato bugu shida, in tana da shi, ko ka kashe gangar ka dogara da ƙafarka.

Kuma a biki kar ka daɗe kana gini. Zagayen sakan 8 in za ka ɗora abu biyar sakan 40 kenan ba ka buɗe baki ba, a gidan kallo za su jira suna mamaki, a wajen kamu kuwa ƙawayen amarya sun fara kiran DJ. Zagaye gajere, abu biyu, fara waƙa, sauran ka ɗora su a tsakiya.

Injiniya_Miksa:

Mutumin Damagaram ya gama magana a kan kashewa, kuma dalilin da ya sa zan ce ka nemi mai abin tsayarwa daban kenan. A mai maɓalli ɗaya takun farko ɗori yake buɗewa, na biyun ne ke tsayarwa, to kana cikin waƙa kana lissafin taku biyu ya faɗa daidai, da wuya. Ko ƙaramar RC-1 tana da ramin da za ka jona ƙarin feda irin FS-5U don tsayarwa da taku ɗaya. Kuma in ka samu Boss duba tsarin takunta, ana iya sa ta daga naɗi ta wuce ɗori kai tsaye ko daga naɗi ta wuce saki. Mai son wutsiyar sauti ta zagayo ba yankewa ya zaɓi na farko, amma kai da makirufo ke buɗe a wurin hayaniya na biyun ya fi maka lafiya.

Waya ana yi. Akwai manhajar Loopy Pro a iPhone da iPad, a kwamfuta kuma Ableton Live tana da lufa a ciki, kuma abin da suke iyawa ya wuce na feda nesa. Sai dai dole ka haɗa da akwatin shigar da sauti na USB da kuma abin takawa na MIDI, in ka tara kuɗinsu ka kusa kuɗin fedar. Abin dubawa shi ne jinkiri tsakanin ka kaɗa da ka ji. In ka sa bafa, wato yawan sautin da manhaja ke tarawa kafin ta sake shi, a 128 a kan saitin sauti na 48,000, jinkirinta bai kai kashi uku cikin dubu na sakan ba, da na shiga da fita duka dai ba zai dame ka ba. Amma Bluetooth ko da wasa kar ka tura sauti ta nan, jinkirinsa yawanci yana wuce kashi ɗaya cikin goma na sakan, ba mai iya kiɗa a haka. Wayoyin Android kuma kowacce da halinta a wannan fannin. Ga kira yana iya shigowa kana tsakiyar waƙa in ba ka rufe layi ba. Ni dai a fage ƙarfen da aka yi don a taka shi na fi yarda da shi.

In za ka bi ta miksa ne maimakon ka sa makirufo kai tsaye, fita ta Aux, wato ramin miksa na tura sauti gefe, zuwa lufa, ka dawo da ita ta wata tasha daban, sannan ka tabbata Aux ɗin wannan tashar da ta dawo yana kan sifili. In ka bar shi a buɗe lufa tana ciyar da kanta kenan, ihun da sifika za ta yi sai an toshe kunne. Ka gaya wa mai miksan wurin tun kafin a fara don wasu da sun ga maɓalli a ƙasa sai sun murɗa.

Sai wuta. Duk abin da ka naɗa ba ka adana a ma'aji ba, ana ɗauke wuta ko ana canzawa zuwa janareta kar ka sa ran samunsa. RC-30 tana cin batir AA guda 6, RC-500 guda 4, wannan ma wani dalili ne na zaɓarsu a nan, ka sa sababbi ranar wasa ko ka haɗa da ƙaramin UPS. Adafta kuma dan Allah ka karanta jikinta. Fedojin nan 9V suke ci kuma tsakiyar filogin negatif ne, adaftar fiyanon Yamaha da ke yawo a kowane wajen biki yawanci 12V ce tsakiyarta fozitif, bakin kuma yana iya shiga daidai, wani yaron kaya zai ɗauka ya jona maka da kyakkyawar niyya. Ka naɗa wa taka jan salatif ka rubuta suna.

In ta hannu za ka saya, ko a Alaba ne ko a intanet, kar ka biya sai ka taka kowace feda da kanka ka ji tana amsawa a taku ɗaya, ka jijjiga waya a kowane rami ka ji ko yana ƙarat-ƙarat, ka naɗi abu ka adana ka kashe ka kunna ka ga yana nan, sannan ka buɗe gidan batir ka duba ko ya taɓa zubewa a ciki.

Mai_Jita_KD:

To madalla, inaga RC-30 ko RC-500 ɗin zan nema, duk wadda aljihu ya kai. Kafin nan zan ci gaba da horar da ƙafa da ta abokina. Oga Injiniya in na samu ta hannu zan turo maka hotonta ta inbos ka duba min kafin in tura kuɗi. Dan_Damagaram dan Allah wane girman ƙwarya kuke amfani da shi, kuma zoben a wane yatsa?